Jiha Daban, Abuja Daban: Ka San Ƙofar Da Za Ka Buga Kafin Ka Saki Kuɗinka



Akwai kalma guda da ke yawan ruɗa mu a harkar fatauci da ta iyali, ita ce kalmar “jiha”. A rediyo za ka ji an ce jihar Maraɗi, an ce jihar Kano, an ce gwamnan Damagaram, an ce gwamnan Katsina. Kunne ya ji suna ɗaya, sai zuciya ta ɗauka abu ɗaya ne. To, kama da wane ba ta wane. Gwamnan Maraɗi naɗa shi ake yi daga Yamai, in an ga dama gobe a ɗauke shi. Gwamnan Kano kuwa zaɓensa jama’a ke yi, yana da majalisar dokokinsa, da kotunansa, da hukumar harajinsa, kuma shugaban ƙasa ba shi da ikon korarsa don kawai sun ɓata. Sannan a tsakiyar Najeriyar akwai wuri guda, Abuja, da ba shi da gwamna kwata-kwata. Wannan bambanci ba zancen ’yan siyasa kaɗai ba ne. Ya shafi filin da kake son saya, da motar kayanka da ke kan hanya, da takardun ’ya’yanka da aka haifa a nan Lome.

Yadda muka saba a nan

Togo ƙasa ce mai ƙofa ɗaya. An raba ta yankuna 5: Maritime, Plateaux, Centrale, Kara da Savanes, a ƙarƙashinsu akwai gundumomi 39 da perefe ke riƙe da su, sai ƙananan hukumomin magajin gari 117. An yi zaɓen magadan gari a 2019, an yi na majalisun yankuna a watan Afrilun 2024, an kuma naɗa gwamnoni a wannan shekarar. Amma duk da haka doka daga Lome take fitowa, kuma ita ce ke aiki ko’ina. Ɗauki mota daga tashar jirgin ruwa ka bi ta Atakpame, Sokode, Kara, Mango, Dapaong har Sinkase, za ka ratsa yankunan nan biyar, amma dokar ƙasa ba ta canza ba. Hukumar OTR ita ke karɓar lanfo, ita ke riƙe da duwan, daga bakin teku har iyakar Burkina.

Haka abin yake a Nijar, haka a Benin, haka a Gana mai yankuna 16, inda shugaban ƙasa ke naɗa ministan kowane yanki. Wato mafi yawanmu, iyayenmu da mu, a ƙasashe masu ƙofa ɗaya muka yi wayo. Mutanen Zongo sun san ƙarfin wannan ƙofa. A 1977 umarni guda ne ya tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birni aka kai shi wajen Agoe, babu wata gwamnatin jiha a tsakani da za a kai wa kuka. Shi ya sa idan ɗan Zongo ya ji an ce “gwamnati”, abu ɗaya yake gani a ransa. A Najeriya kuwa dole ka tambaya: wace gwamnatin?

Gida mai ɗakuna 36

Tarayya kamar babban gidan gandu ne da ’ya’ya suka girma, kowa ya ja sashensa. Zaure ɗaya ne, maigida ɗaya ne, amma kowane sashe da tukunyarsa da tsarinsa, kuma akwai rubutacciyar yarjejeniya da ta ce ga abin da maigida zai taɓa, ga wanda ba zai taɓa ba. Wannan yarjejeniya ita ce tsarin mulkin 1999.

A ƙarƙashinsa akwai jihohi 36, da yankin babban birnin tarayya, da ƙananan hukumomi 774. Abin da ke hannun tarayya ita kaɗai ya haɗa da kwastan, fasfo da shige da fice, kuɗin naira, soja, ’yan sanda, da rajistar kamfani. Waɗannan iri ɗaya ne daga Seme har Jibiya. Abin da ke hannun jiha kuwa shi ne ya fi kusa da rayuwar yau da kullum: fili, kasuwanni, makarantun firamare da mafi yawan na sakandare, asibitocin jiha, hanyoyin cikin gari, harajin da mutum ke biya a kan abin da yake samu, da kotunan da ke sauraron aure da gado. Rabon nan ma yana motsi. A watan Maris na 2023 an yi wa tsarin mulki gyara, aka faɗaɗa wa jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen yari.

Su kansu jihohin ba rana ɗaya aka haife su ba. A zamanin Sardauna, Arewa gaba ɗaya jiha ɗaya ce mai larduna. Janar Gowon ya yanka ƙasar jihohi 12 a 1967. Janar Murtala ya mai da su 19 a 1976. A 1987 suka zama 21, a 1991 suka zama 30, a 1996 suka cika 36. Ku riƙe waɗannan shekaru, za mu dawo kansu idan mun zo maganar yara.

Abuja ba jiha ba ce

A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Murtala ta kafa dokar da ta ware yankin babban birnin tarayya. An yanko ƙasar daga jihohin Neja, Filato da Kwara na wancan lokaci, kuma gwamnati ta tare a can ranar 12 ga Disambar 1991, zamanin Babangida. Manufar ita ce a sami wuri a tsakiya wanda ba na kowace jiha ba, na kowa da kowa.

Saboda haka tsarinsa ya sha bamban. Jiha tana da gwamna zaɓaɓɓe, Abuja minista gare ta, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, kamar yadda aka naɗa Nyesom Wike a watan Agustan 2023. Jiha tana da majalisar dokokinta, Abuja kuwa majalisar tarayya ce ke yi mata doka. Kowace jiha sanata uku gare ta, Abuja ɗaya, shi ya sa sanatoci suka zama 109. A majalisar wakilai mai kujeru 360, biyu ne nata. Maimakon ƙananan hukumomi irin na jihohi, tana da majalisun yanki 6: ta birnin Abuja, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. A jihohi hukumar zaɓen jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, a Abuja kuwa INEC ce da kanta.

Wannan tsari yana da masu kuka a kansa. Gbagyi, Gade, Koro, Gwandara, Bassa da sauran waɗanda birnin ya tarar a wurin sun daɗe suna cewa su kaɗai ne ’yan Najeriya da ba sa zaɓen gwamna, ba su da ’yan majalisar jiha da za su tsaya musu idan an zo tashin ƙauyensu. Mu da muka san labarin tashin Zongo ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Akwai kuma gardamar da aka yi bayan zaɓen 2023, ko dole ne ɗan takarar shugaban ƙasa ya sami kashi 25 cikin 100 a Abuja kafin ya ci. A watan Oktoban shekarar Kotun Ƙoli ta ce a’a, wajen wannan lissafi Abuja tamkar ɗaya ce daga cikin jihohi, ƙuri’arta ba ta fi ta kowa ba. Ka ga ke nan, a wani wuri ana lissafa ta kamar jiha, a wani wurin ba jiha ba ce. Inda ba jiha ba ce ɗin, nan ne ya fi taɓa aljihun ɗan kasuwa.

Maganar fili

Burin kowane baƙo shi ne wata rana ya aza bulo a gida. To, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, amana ga jama’a. Gwamna ne ke sa hannu a takardar shaidar mallaka, wadda ’yan Najeriya ke kira si-of-o, yawanci ta shekara 99. In ka sayi fili mai irin wannan takarda a hannun wani, ciniki bai kammala a idon doka ba sai an sami amincewar gwamna. Kowace jiha da ofishinta da farashinta da tsawon jiranta. Kano tana da KANGIS, Nasarawa tana da NAGIS.

A Abuja babu gwamna, ƙasar duka ta gwamnatin tarayya ce, minista ke rabawa a madadin shugaban ƙasa, ofishin AGIS ke riƙe da rajista. Hukumar birnin ta sha nanata cewa minista kaɗai ke da ikon ba da fili, don haka takardar dagaci ko ta majalisar yanki ba ta isa ta kare ka ba ranar da katafila ta zo. Kuma samun takarda ba shi ne ƙarshen magana ba, akwai kuɗin ƙasa na shekara-shekara. A watan Maris na 2025 hukumar ta sanar da soke takardun filaye fiye da 4,700 saboda masu su sun haura shekara 10 ba su biya ba. Wanda ke zaune a Lome ko Kumasi, ya jefa takarda a akwati ya manta, shi ne irin wanda wannan ke ci.

Ga wani tarko da ya kamata kowa ya sani. Dillali zai turo maka hoto a WhatsApp ya ce “fili a Abuja, araha”. Tambaye shi sunan unguwar. Nyanya cikin yankin Abuja take, amma kana ƙetarawa Mararaba da Masaka ka shiga jihar Nasarawa. Zuba cikin Abuja take, amma Madalla da Suleja jihar Neja ce. Ita Suleja ma ita ce tsohuwar Abuja, ta bar wa sabon birni sunan ta ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Ba laifi ba ne sayen fili a waɗannan wurare, mutane da yawa suna zaune lafiya a can. Laifin shi ne ka biya kuɗin Abuja a kan filin da takardarsa daga Lafiya ko Minna za ta fito. Idan kuma kai ba ɗan Najeriya ba ne, fasfon Togo ko na Nijar kake riƙe da shi, ka zauna da lauya tukuna, domin hukuncin baƙo a kan fili ba ɗaya yake da na ɗan ƙasa ba.

Maganar hanya da kasuwa

Motar da ta tashi daga Lome zuwa Kano, bayan ta wuce Hilakonji da Kwatano ta shiga ta Seme, za ta taka Legas, Ogun, Oyo, Kwara, Neja, Kaduna, sannan Kano. Jihohi 7 ke nan. Kwastan na tarayya ne, in ka biya fito a boda takardarsa tana aiki har Kantin Kwari. Jami’an kiyaye haɗurra na FRSC ma na tarayya ne. Amma LASTMA ta Legas ce, KAROTA ta Kano ce, kowace da dokar da majalisar jiharta ta ba ta. Rasit ɗin da wata ƙaramar hukuma ta yanka maka a Oyo ba ruwan na Neja da shi. A 1998 an kafa dokar da ta hana tare hanya don karɓar haraji, amma duk direban da ke bin hanyar zai gaya maka abin da idonsa ke gani. Don haka wajen lissafin kuɗin mota, kada ka auna da ma’aunin Lome zuwa Sinkase.

Harajin kayan masarufi, wanda muke biyan kashi 18 a nan, a Najeriya kashi 7.5 ne tun 2020, kuma tarayya ke tarawa a raba. Amma harajin da kai kanka za ka biya a kan ribarka, jihar da kake zaune ce ke karɓa, a Abuja kuma hukumar harajin birnin.

Har sana’ar da za ka sa yaro a ciki sai ka duba jiha. Da yawa a nan suna saya wa ƙannensu babur su yi zemijan. A tsakiyar birnin Abuja an hana acaɓa tun 2006. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a 2013, shi ya sa A Daidaita Sahu ta cika gari. Legas ta hana a manyan sassanta a 2022. Wanda ya tura babur goma ba tare da tambaya ba, ya tura wa hukuma ne.

Maganar aure da gado

Wannan ta masu gida ce da iyaye mata. Daga 1999, lokacin da Zamfara ta fara a ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura, jihohi 12 na Arewa suka faɗaɗa aiki da shari’ar Musulunci. Kano ta kafa hukumar Hisba da doka a 2003. A Abuja akwai kotun ɗaukaka ƙara ta shari’a, amma huruminta aure ne, saki, gado da makamantansu. A Legas babu irin wannan kotu ta gwamnati. Ma’ana, mutum ɗaya zai iya rasuwa ya bar gida a Fagge, shago a Agege, fili a Kubwa, magada su sami kansu gaban kotuna iri uku. Wanda Allah ya hore wa dukiya a wurare daban-daban, ya rubuta komai tun yana da rai, ya sa shaidu.

Haka nan a 2024 Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da gwajin jini na sikila. In za ka kai ɗanka ya auro a can, ka san da wannan tun kafin a sa rana, kada a tara jama’a liman ya nemi takarda a shiga kallon-kallo.

Maganar yara, wadda ta fi duka

Tsarin mulkin Najeriya ya ce wanda aka haifa a waje, muddin uwa ko uba ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Wannan magana ce ta tarayya. Amma ranar da yaro zai nemi fasfo, ko makaranta, ko aikin gwamnati, tambayar farko ita ce: wace jiha, wace ƙaramar hukuma? Takardar indijin ƙaramar hukumar asalin uba ce ke bayarwa, ba inda aka haifi yaro ba. Ko a Abuja aka haife shi, in ubansa ɗan Katsina ne, Katsina za a tura shi.

A nan ne shekarun can suke dawowa. Kakanninmu da suka zo fataucin goro da shanu sun bar gida ne tun zamanin larduna. Tsoho ya ce shi mutumin Sakkwato ne, jikoki suka riƙe haka. Amma in garinsu Argungu ne ko Jega, tun 1991 Kebbi ce. In Gusau ce ko Ƙauran Namoda, tun 1996 Zamfara ce. Wanda ya ce Kano alhali Haɗeja ko Gumel ko Kazaure yake nufi, tun 1991 Jigawa ce. Daura da Funtuwa sun bar Kaduna tun 1987. Potiskum da Nguru yanzu Yobe ne. Kano kaɗai ƙananan hukumomi 44 gare ta, Katsina 34. Yaron da ya je ya ce “ni ɗan Kano ne” bai faɗi komai ba tukuna, sai ya kawo sunan gari, da unguwa, da gidan da mai unguwa zai shaida.

Abin yana da tasiri a karatu. Jami’o’in tarayya irin su Bayero, Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna ware kaso na gurabe ga jihohin da ke kewayensu. Jami’o’in jiha, kamar ta Umaru Musa ’Yar’aduwa a Katsina, sukan sauƙaƙa wa ’yan jiha kuɗin makaranta fiye da baƙi. Akwai kuma tallafin karatu na jiha. Jarrabawar JAMB kuma ba a rajistarta sai da lambar NIN. Yaro mai ƙoƙari zai iya rasa shekara guda cur saboda takarda ɗaya da babansa bai nema ba lokacin da tsofaffin da suka san shi ke raye.

Ba Najeriya kaɗai ba

Yanzu ’ya’yanmu da suka yi lakwal da Faransanci idonsu na kan Kanada. Ita ma tarayya ce, larduna 10 da yankuna 3. Larduna ikonsu daga tsarin mulki yake, ba mai ƙwace shi. Yankunan uku na can arewa mai ƙanƙara, Yukon, Northwest Territories da Nunavut da aka kafa a 1999, ikonsu majalisar tarayya ce ta ba su da doka, ko da yake su suna zaɓen shugabanninsu, ba kamar Abuja ba. Karatu da asibiti na lardi ne. Kebek, mai Faransanci, ita ke tantance yawancin baƙin da za su zauna a cikinta, kuma ɗalibi sai ya sami takardar amincewarta kafin ya nemi izinin tarayya. Harajin saye a Alberta kashi 5 ne, a Ontario 13. Don haka “ya tafi Kanada” ba amsa ba ce, wane lardi?

A Amurka jihohi 50 ne, amma mazauna birnin Washington ba su da sanata, mutanen tsibirin Puerto Rico kuma ’yan ƙasa ne amma ba sa zaɓen shugaban ƙasa daga can. Masu zuwa sari Dubai sun san masarautu 7 ne suka haɗu, abin da aka bari a Dubai ba lallai a bar shi a Sharja ba.

Abin yi

Kafin ka saki kuɗi ko ka tura yaro, yi wa kanka tambaya uku. Wurin nan a wace jiha yake, ko kuwa yankin tarayya ne? Maganar da ta kai ni a hannun wa take, tarayya, jiha ko ƙaramar hukuma? Wanda ya sa hannu a takardar nan, doka ta ba shi ikon sa hannun? In fili ne, a je ofishin rajista a bincika, zuwa da kai ya fi aike. In kana da fili a Abuja, nemi wanda zai duba maka bashin kuɗin ƙasa a wannan watan.

Su kuma yara, a wannan makon ku zaunar da tsohon da ya rage a gida, ko Hajiya kaka, ku ɗauki biro. Sunan gari, sunan unguwa, sunan kaka da na babansa, da wanda ya rage a can da zai gane ku. A rubuta, a duba jiha da ƙaramar hukumar da garin ya faɗa a yau, a ajiye tare da takardun haihuwa. In hali ya yi, hutun makaranta mai zuwa a kai su su gaida dangi, a karɓo takardar tun ba a matsu ba.

Allah ya ba da kasuwa, ya shirya mana zuri’a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.